Wanda Ya Tafi Ya Fi Wanda Ya Zauna Albashi: Halin Ma'aikatan Fasaha a Indiya

A tsakiyar shekarar 2022, kamfanin Infosys ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa cikin watanni 12 da suka gabata, kashi 28.4 cikin 100 na ma'aikatansa sun ajiye aiki don raɗin kansu. Wato a ofis mai mutum 10, kusan 3 sun miƙa takarda sun ƙara gaba kafin shekara ta zagayo. Wipro ya kai kashi 23.8. Ko TCS, wanda aka sani da iya riƙe mutanensa, sai da ya taɓa kashi 21.5. Shekara biyu bayan nan alƙaluman duk suka sauko zuwa tsakanin kashi 12 da 15. Shugabannin kamfanonin suka ce ƙura ta lafa, ma'aikata sun samu natsuwa. Ni kam ban ga natsuwa a ciki ba. Abin da na gani shi ne mutanen da aka rufe wa ƙofar fita, alhali dalilan da suke sa su son fita suna nan daram.

Sai an san yadda wannan sana'a take samun kuɗi kafin a gane dalilin. Masana'antar fasahar sadarwa ta Indiya tana ɗauke da fiye da mutum miliyan 5, bisa ƙididdigar Nasscom, ƙungiyar kamfanonin da ke harkar, kuma kuɗin da take juyawa a shekara ya haura dala biliyan 250. Manyanta su ne TCS na gidan Tata, wanda aka kafa a 1968, da Infosys da aka kafa a Pune a 1981, sai Wipro da HCLTech da Tech Mahindra, da kuma Cognizant wanda hedikwatarsa take Amurka amma mafi yawan ma'aikatansa suna Indiya. Galibin aikinsu kwangila ce. Wani banki a Landan ko kamfanin inshora a Amurka yana son a gina masa manhaja, ko a riƙa kula da wadda yake da ita, sai ya ba su aikin, su kuma su sa matasa a Bengaluru, Hyderabad, Pune ko Chennai su yi. Abokin ciniki yana biya da dala ko fam, sau da yawa bisa yawan mutane da awoyin da suka yi. Ma'aikaci kuma ana biyansa da rupi. Ribar kamfani tana cikin tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun, saboda haka duk rupin da aka ƙara wa albashi, daga ribar aka gutsuro shi. Hanyar kare ribar ita ce a cika ƙasa da sababbin ɗauka masu araha, a bar ƙwararru 'yan kaɗan a sama suna duba aikinsu.

Daga nan ne matsalar albashin farko ta samo asali, kuma a nan ne na fi jin ciwon lamarin. Matashin da ya gama digirin injiniya, manyan kamfanonin nan kan ɗauke shi a kan rupi 300,000 zuwa 400,000 a shekara. TCS yana da matakin shiga na rupi 336,000, Infosys kuma na 360,000. Wajen 2010 ma kusan abin da ake bayarwa ke nan. A tsawon waɗannan shekaru farashin kayayyaki a Indiya ya ninka har da ƙari, kuɗin hayar ɗaki a Bengaluru kuwa ba a magana. Rupi ma ta faɗi, daga kusan 45 a kan dala ɗaya zuwa fiye da 80. Ma'anar wannan ita ce kamfanin da ke karɓar dala yana samun sabon injiniya a yau da arha fiye da yadda ya samu yayansa shekara 15 da suka wuce. Sannan adadin da ake rubutawa a takardar ɗaukar aiki, wanda suke kira CTC, ya haɗa duk abin da kamfani ya ce yana kashewa a kan mutum: kasonsa na asusun ajiyar ritaya, inshorar lafiya, garatuti, da wani alawus da ba a biyansa cikakke sai idan kamfani ya ga dama bisa cinikin wannan zangon. Abin da ke shiga asusun ma'aikaci a ƙarshen wata ya gaza haka sosai.

T. V. Mohandas Pai, wanda ya taɓa riƙe harkar kuɗi ta Infosys, ya daɗe yana sukar wannan a bainar jama'a, har ya taɓa zargin manyan kamfanonin da haɗa baki don kada albashin sababbin ɗauka ya tashi. Ko da babu haɗin baki, yawan masu neman aiki kaɗai ya isa. Kwalejojin injiniya na ƙasar suna yaye ɗaruruwan dubbai kowace shekara, kuma ɗan manomi daga wani ƙaramin gari a Andhra Pradesh ko Bihar, wanda iyayensa suka ci bashi suka biya masa makaranta, ba shi da bakin yin ciniki da TCS. A shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022, abin da shugaban Infosys, Salil Parekh, ya samu ya kai kusan rupi miliyan 710, mafi yawansa ta hannun jari. Kusan ninki 2,000 ke nan na albashin yaron da ya shiga kamfanin a wannan shekarar.

To, mutum ya shiga, ya yi shekara biyu ko uku, ya ƙware. Ta ina albashinsa zai tashi? Ƙarin shekara-shekara a waɗannan kamfanoni yawanci bai cika kai kashi 10 ba. A 2024 TCS ya ba da tsakanin kashi 4.5 da 7 ga galibin ma'aikata, waɗanda suka yi zarra kaɗai suka samu sama da haka. A 2025 kuma ya jinkirta ƙarin daga Afrilu zuwa Satumba. Kashi 6 a kan ƙaramin albashi ƙaramin abu ne, kuma tsadar rayuwa takan cinye mafi yawansa. Amma idan wannan mutumin ya je intabiyu a wani kamfani, a lokacin da kasuwa take ci, zai iya fitowa da ƙarin kashi 30 ko 40. Dalilin yana cikin yadda ake kasafi. Kuɗin ƙarin albashi dunƙule ne guda da ake raba wa dubban mutane, manaja ba shi da ikon wuce iyaka. Kuɗin ɗaukar sabon mutum kuwa yana bin farashin kasuwa na ranar, domin akwai kwangilar da aka riga aka sa wa hannu, kuma kowace ranar da kujera ta kwana babu kowa asara ce. Sakamakon haka, a teburi guda za ka tarar da wanda ya shekara 6 yana koya wa baƙo aiki, baƙon kuma ya fi shi albashi. Ma'aikata ba su jahilci wannan ba. Da kamfanoni suka rufe hanyar ciniki daga ciki, sai takardar ajiye aiki ta zama ita ce kaɗai yaren da ake ji.

Shekarun 2021 da 2022 sun kai abin ƙarshe. Annobar korona ta tilasta wa bankuna, shaguna da asibitocin Turai da Amurka su mayar da harkokinsu kan intanet cikin gaggawa, kwangiloli suka yi ta kwarara zuwa Indiya. Kuɗin ruwa ya yi ƙasa a duniya, masu zuba jari suka antaya biliyoyin daloli a sababbin kamfanonin Indiya, waɗanda suka shiga farautar injiniyoyi da albashin da tsofaffin kamfanoni ba su saba biya ba. Aiki daga gida kuma ya sa sauya kamfani ya daina buƙatar sauya gari ko cire yara daga makaranta. Kwamfuta ɗaya ake mayarwa, a aiko da wata. TCS kaɗai ya ƙara fiye da mutum 100,000 a shekara guda.

A wannan lokacin ne wani makami da kamfanoni suka ƙera ya juyo kansu. Da yawa daga cikin manyan kamfanonin suna sharɗanta notis na kwana 90. A Amurka, inda abokan cinikinsu suke, al'ada mako biyu ce. Manufar wata ukun ita ce a samu lokacin miƙa aiki, a kuma sa wasu kamfanoni su yi sanyin gwiwar jiran mutum. Sai ma'aikata suka mayar da wata ukun lokacin ciniki. Mutum ya karɓi takardar kamfani na farko, ya ba da notis, sannan ya ɗauki takardar ya nuna wa na biyu, ya ɗauki ta biyu ya nuna wa na uku, kowanne yana ɗorawa. Ranar fara aiki ta zo, kamfani biyu suna jiran wanda ba zai zo ba. Masu ɗaukar ma'aikata sun yi ta kuka da wannan, kuma gaskiya saɓa alkawari ba abin yabo ba ne. Sai dai wanda ya tsawaita notis ɗin shi ya buɗe fagen.

Notis ba shi kaɗai ke ɗaure mutum ba. Akwai takardar sallama, wadda tsohon kamfani ke bayarwa don shaida cewa ma'aikaci ya fita lafiya babu bashi a kansa. Sabon kamfani yakan nemi ganinta, masu binciken tarihin ma'aikata ma sukan tambaya. Wanda ya fice bai cika notis ba, kuma ba a yarda ya biya kuɗin fansar kwanakin da suka rage ba, ana iya rubuta shi a matsayin wanda ya gudu, wannan tabon kuma ya bi shi shekaru. Akwai garatuti, wanda dokar 1972 ta ce sai an cika shekara 5 a wuri ɗaya, a biya albashin kwana 15 kan kowace shekara. Mai yawan tsalle yana rasa shi, ko da yake yawancinsu sun lissafa sun ga ƙarin da za su samu ya fi. Akwai sharaɗin hana zuwa wajen kishiya: a 2022 ƙungiyar ma'aikata ta NITES da ke Pune ta kai ƙarar Infosys ma'aikatar ƙwadago kan wani sharaɗi da ke hana wanda ya fita yi wa abokan cinikin da ya yi wa aiki hidima ta hannun wasu kamfanoni masu gasa har tsawon wata 6. Sashe na 27 na dokar kwangila ta 1872 ya soke yarjejeniyar da ke hana mutum sana'arsa, kuma kotunan Indiya ba su cika tilasta irin wannan sharaɗi bayan an rabu ba, amma matashi mai shekara 25 ba ya da kuɗin lauya, tsoro kaɗai ya ishe shi. A gefe guda, a Mayun 2025 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da sharaɗin bankin Vijaya na cewa ma'aikacin da ya fita kafin shekara 3 zai biya rupi 200,000. Shari'ar ta banki ce, amma kamfanonin fasaha masu sa sababbin ɗauka hannu a irin wannan takarda sun ji daɗin hukuncin.

Wasu kuma, maimakon su fita, sai suka ce gida biyu maganin gobara, suka riƙe aiki biyu a ɓoye daga ɗakin kwanansu. Shugaban Wipro, Rishad Premji, ya kira wannan ha'inci a Agustan 2022, bayan wata guda kuma ya sanar da korar mutum 300 da aka samu suna yi wa kamfanonin kishiya aiki. Lambar asusun ajiyar ritaya, wadda take bin ma'aikaci duk inda ya je, tana nuna idan kamfani biyu suna zuba masa kuɗi a wata ɗaya, don haka ɓoyon ba ya daɗewa. Yi wa kishiyar mai gidanka aiki a asirce cin amana ne, ba na jayayya. Amma ya kamata a tambayi abin da ya sa injiniya yake buƙatar albashi biyu kafin ya rayu.

Daga ƙarshen 2022 iska ta juya. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa, abokan ciniki suka tsuke bakin aljihu, jarin sababbin kamfanoni ya ƙafe, kamfanin Byju's da aka yi ta yi wa kirari ya durƙushe. Waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu su ne mafiya rauni. Dubban ɗalibai da aka ba takardar ɗaukar aiki tun suna makaranta suka zauna gida wata da watanni, wasu fiye da shekara biyu, suna jiran ranar farawa. A Fabrairun 2023 Wipro ya tambayi wasu da ya yi wa alkawarin rupi 650,000 ko za su karɓi 350,000 su fara nan take. A Fabrairun 2025 Infosys ya sallami fiye da masu horo 300 daga cibiyarsa ta Mysuru bisa faɗuwa jarrabawar cikin gida, bayan dogon jiran da suka yi. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, TCS da Infosys da Wipro a haɗe sun ragu da kusan mutum 64,000. A Yulin 2025 TCS ya sanar da rage kashi 2 cikin 100 na ma'aikatansa, kimanin mutum 12,000, galibi masu matsakaici da babban muƙami. Kafin nan ya taƙaita zaman benci, wato lokacin da ma'aikaci yake jiran a sa shi a wata kwangila, zuwa kwana 35 a shekara. Ƙungiyoyin ma'aikata sun yi zargin cewa ana kiran mutane ofis a matsa musu su rubuta takardar ajiye aiki da hannunsu, don kada a lissafa abin a matsayin kora. Kamfanin da ke neman kwana 90 idan kai za ka tafi, ba ya jin nauyin sa ka tattara kayanka cikin 'yan kwanaki idan shi ne ya gaji.

Cikin wannan yanayi ne komawa tsohon gida ta yawaita. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma kamfanonin Indiya sun lissafa sun ga karin maganar ba ta yi musu riba. Shugaban Cognizant, Ravi Kumar, wanda shi kansa daga Infosys ya zo, ya ce tsofaffin ma'aikata 13,000 ne suka dawo kamfanin a 2024. Dalilin kamfani a fili yake. Wanda ya dawo ya san tsarin gida, wataƙila ya san abokin cinikin ma, ba ya buƙatar doguwar horarwa, ba sai an biya dillalan ma'aikata ba, kuma akwai tarihin aikinsa a ajiye. Har a sama abin ba baƙo ba ne: Narayana Murthy ya dawo shugabancin Infosys a 2013 bayan ya yi ritaya, Nandan Nilekani ma ya dawo a 2017. Shi kuma ma'aikaci, sau da yawa ya je sabon kamfani ne ya tarar da albashin da aka yi masa alkawari ya tafi tare da jarin, ko awoyin aikin sun fi ƙarfinsa, sai ya zaɓi inda ya sani.

Abin lura shi ne albashin da ake dawowa da shi. Sabon ciniki a Indiya kusan kullum yana farawa ne da tambayar nawa kake karɓa yanzu, a kuma nemi takardun albashi na watannin baya. Saboda haka wanda ya fita a 2021 ya samu babban ƙari, idan ya dawo, daga wannan sabon matakin ake fara magana. Abokinsa da ya zauna yana nan da ƙarin kashi 6 sau uku. Kamfanin ya nuna da hannunsa cewa yana iya biyan wannan kuɗin a kan wannan aikin, kawai dai bai ga dalilin biya ba sai da aka tafi. Ban san darasin da ya fi wannan lalata amana a wurin aiki ba. Kuma ƙofar dawowar ba kowa take buɗe wa ba. Kamfanoni kan duba yadda mutum ya fita da makin da ya samu a baya, wasu kan sa wa'adin jira, wanda aka rubuta ya gudu kuwa ba shi da rabo. Mai shekara 45 da aka rage saboda albashinsa ya yi nauyi, ba shi ake zawarci ba.

Mata suna da nasu babin. TCS da kansa ya bayyana a rahotonsa na 2023 cewa, saɓanin yadda aka saba, yawan matan da suka ajiye aiki ya zarce na maza bayan an ce a dawo ofis. TCS da Infosys duk suna da shirye-shiryen dawo da matan da suka yi hutun haihuwa ko reno, abin a yaba ne. Sai dai macen da ta yi shekara 4 a gida, da tsohon albashinta za a fara yi mata lissafi.

Kasuwar yanzu ta rabu biyu. Manyan kamfanonin duniya irin su JPMorgan, Goldman Sachs da Walmart sun buɗe nasu cibiyoyin a Indiya maimakon ba da kwangila. Irin waɗannan cibiyoyi sun haura 1,700, suna ɗauke da kusan mutum miliyan 1.9, kuma sukan biya fiye da kamfanonin kwangila. Wanda ya ƙware a ƙirƙirarriyar basira ta AI, ko tsaron intanet, ko sarrafa bayanai, har yau ana rububinsa. TCS ma yana da matakan shiga na rupi 700,000 da sama ga ɗaliban da suka yi fice. Amma mai gwajin manhaja da hannu, da mai rubuta sassauƙan lambobi, wato ainihin ayyukan da ake ɗaukar sababbin ma'aikata masu araha domin su, su ne na'ura take koyon yi. Hanyar fita waje ma ta ƙuntata: a Satumban 2025 gwamnatin Trump ta ɗora dala 100,000 a kan sababbin takardun bizar H-1B, wadda kusan kashi 70 cikin 100 na masu samunta Indiyawa ne.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Sukan ce yawancin masu digirin ba su iya aikin ba sai an horar da su watanni a kan kuɗin kamfani, cewa abokan ciniki suna matsa musu su rage farashi, kuma sana'ar ta fitar da miliyoyin iyalai daga talauci. Duk gaskiya ne. Amma Infosys da TCS suna cin ribar aiki ta sama da kashi 20 cikin 100, suna raba wa masu hannun jari biliyoyin daloli. Mai irin wannan riba ba zai ce ba shi da halin taɓa albashin da ya tsaya cik shekara 15 ba. Kuma lokacin da Narayana Murthy ya ce a 2023 matasa su riƙa aikin awa 70 a mako, fushin da ya biyo baya na mutane ne da suka san nawa ake biyansu a kan awa 45.

Kariyar doka ma siririya ce. Jihar Karnataka, inda Bengaluru take, ta daɗe tana keɓe kamfanonin fasaha daga dokar 1946 mai tilasta rubuta ƙa'idojin ɗauka da kora, ta kuma sabunta keɓewar a 2024 na wasu shekara 5. Ƙungiyoyin ma'aikata irin su KITU da NITES ƙanana ne idan aka auna da miliyoyin ma'aikata. Sababbin dokokin ƙwadago 4 da suka fara aiki a Nuwamban 2025 sun tanadi a biya wanda ya bar aiki haƙƙinsa na albashi cikin kwanakin aiki 2, ci gaba ne, amma bai taɓa tushen matsalar ba.

Lamarin bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Wasu manyan bankunan Najeriya suna aiki da Finacle, manhajar Infosys, kuma 'ya'yanmu da dama daga Kano da sauran jihohin Arewa suna karatun kwamfuta a jami'o'in Indiya, wasunsu za su yi gogayya da waɗannan injiniyoyi a kasuwar aiki ta intanet. Wanda zai sa hannu a irin wannan kwantiragi, ya tambayi abin da zai shiga asusunsa a wata, ya karanta tsawon notis da sharaɗin biyan kuɗi idan ya fita da wuri, ya kuma bar kowane wuri da takardar sallama a hannunsa. Su kuwa kamfanonin, gyaran yana hannunsu: notis ya zama daidai ga ɓangarorin biyu, takardar ɗaukar aiki ta zama alkawarin da ake cikawa ko a biya diyya, a ɗaga albashin farko, a daina auna mutum da abin da yake karɓa a da. Idan ba su yi ba, ranar da kwangiloli suka dawo, alƙaluman 2022 ma za su dawo.